Wuƙar Mai Hannu Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Arzika zuwa gare ka, Soja, a can Dosso. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin wanda ba ka sani ba, ya ƙara tsare ka daga sharrin wanda ka sani. Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka riƙa ci da yawa. Zancen cin nan ne ya zaunar da ni yau, don haka kada ka sa ran jin wanda ya haihu ko wanda ya mutu.

Ni ke faɗa, Malam Isa na masallacin kasuwar Dogon Dutsi ke rubutawa. Na sa shi ya rantse ba zai ƙara ba, ba zai rage ba, kuma ba zai kai maganar gaba ba. Duk da haka idan ya gama zan kai wa wani malamin ya karanta mini tun daga farko, don na ga yana murmushi tun ban buɗe baki ba. Kai kuma ka karanta da kanka. Ka yi allo, ba ka bukatar idon wani a kan maganar gidanmu.

Tare da takardar akwai ƙunshi cikin baƙin tsumma. Na ɗaure shi da jan zare, ƙulli uku. Idan ka ga biyu ko huɗu, to falken da ya kawo maka ya buɗe, ka san irin zaman da za ka yi da shi. Kada ka kwance sai ka gama karatu.

Falken nan ne ya ce mini ya gan ka a bakin biron kumandan, wato ofishinsa, inda suka ba ka aikin kai takardu. Ya ce ka rame. Ya ce idan abokan aikinka suka zauna cin gasasshen nama a gindin tsamiya, kai sai ka ce ka ƙoshi, ka zagaya bayan katanga da ƙwaryar fura. Ban cika yarda da maganar fatake ba, amma wannan na yarda, domin na san dalili fiye da shi.

Ka san bakina bai taɓa kama sunanka na yanka ba. Kai ne ɗan fari, kuma haka muka tarar: uba ba ya kiran ɗan farinsa, ba ya zama da shi kan tabarma ɗaya, ba ya sa hannu cikin akushinsa. Tun kana rarrafe nake ce maka "kai" ko "wancan yaron", sai da Nasara suka ɗauke ka zuwa yaƙinsu na sami sunan da zan iya kiranka da shi. Abin da kunya ta hana ni faɗa da baki shi zan faɗa a takarda. Kurakuraina ne zan kwance maka, kuma na ƙarshen ya fi sauran muni.

Ranar da kamiyon sojoji, wato babbar motarsu, ya sauke ka a bariki, hannun rigarka na dama a naɗe tun daga gwiwar hannu, ni gonar da za ta rasa manomi na tuna, ban tuna akushi ba. Sai da aka kawo abinci. Hagu ba ya shiga kwanon jama'a, ka sani, na sani, kowa ya sani. Tuwo bai ba mu wahala ba, innarka ta samo maka koshiya ta itace aka wuce wurin. Nama ne ya tona mana asiri. Mai hannu biyu ya riƙe da ɗaya ya yaga da ɗaya. Kai kuwa ko dai ka ɗauka da hagu ka kai baki mutane suna kau da kai, ko ka zauna jiran wani ya tausaya maka.

Wanda ya tausaya maka shi ne baffanka Nomau, ƙanena, kuma ni na ƙyale shi. Ka tuna sunan da aka yi a gidan sarkin noma? Ana ajiye naman rago ya ɗaga murya har na bayan danga suka ji.

"Ku matso mani da rabon ɗiyanmu in yanka mishi. Ba shi iyawa, bawan Allah. Ni ka yi mishi kullum."

Ya zauna yana yanka yana ba da labarin yadda yake wahala da kai, hanta da ƙoda suna bi ta bakinsa, kai ana tura maka jijiya. Ina zaune can gefe ina gani. Ban tanka ba, don uba ba ya shiga faɗan ɗan fari a gaban mutane. Ka ci loma biyu ka tashi. Daga ranar ka daina zuwa suna da biki.

To, ka ji. A Dosso za ka sami masu irin wannan kirkin, da yawa ma. Duk wanda ya ce kawo in yanka maka, kada ka dubi hannunsa, ka dubi idonsa ka ga wa yake kallo. Idan kai yake kallo, wataƙila mutumin kirki ne. Idan jama'a yake kallo, da kai yake neman suna. Kuma wanda ke yanka maka nama shi ke zaɓar abin da za ka ci da lokacin da za ka ci. Yau nama ne, gobe zai ce ka ba shi takardar da aka aike ka da ita ya duba maka.

Da na ga abin Nomau ya ishe ni, sai na ce wuƙa ce magani. A nan na yi wauta ta biyu. Na ɗauka tun da Nasara ne suka cire hannun, su ke da abin da zai maye shi. Na je bayan gidan kumandan na sami kukunsa, wani dogo mai farar hula da ke magana kamar shi ne kumandan ɗin. Na gaya masa matsalata. Ya shiga ya fito da wata wuƙa mai ƙyalli, bakinta a dakushe, kanta a zagaye.

"Wagga ita ta yuƙar tebur, tsoho," in ji shi. "Da irinta kumandan ka cin nama. In ɗanka ya riƙa ta, ya zama Nasara."

Na ba shi jan zakaran innarka, wanda har yau ba ta yafe mini ba. Ka tuna abin da ya faru. Ka danna naman ya zame, ka bi shi ya zagaya akushi, ka sake dannawa ya yi tsalle ya faɗa ƙasa kaji suka yi wawa. Sai ka ce, ba tare da ka dube ni ba, kamar da bango kake magana, su Nasara da hannu biyu suke ci, ɗaya da wuƙa, ɗaya da cokali mai yatsu da ke danne naman. Kai ka sani tun da ka zauna da su. Ni ban tambaye ka ba, kuma kukun ya sani sarai lokacin da yake karɓar zakaran.

Kada ƙyallin abu ya ruɗe ka. Duk wanda zai ba ka kayan aiki, ka ce ya ɓoye hannu ɗaya a bayansa ya gwada a gabanka. Idan ya yi dariya ya ƙi, ka bar masa kayansa. Kuma ka tambayi mai ciwon kafin ka tafi neman magani, wannan ni ban yi ba.

Bayan wannan na daina yarda da kowa, har da wanda ya kamata in yarda da shi. Aka yi mini kwatancen Dari, maƙerin Matankari, aka ce ba abin da ba ya fitarwa daga ƙarfe. Na hau jaki na same shi a maƙera, gajere, ido ɗaya ya lalace da tartsatsi. Na faɗa masa abin da nake so. Bai ko ɗaga kai daga zuga-zugi ba.

"Ba ni yin yuƙa ga mutumen da ban gani ba. Kawo shi nan, ka taho da nama, in ga yadda shika ci."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan ko dai yana so ya tara 'yan maƙera su yi kallon ɗana, ko kuma sauran abincinka yake nema. Ka san abin da ake faɗa kan maƙera da iskokinsu, kuma ka san abin da ake yi da ragowar abincin mutum. Na ce masa ɗana ba abin kallo ba ne. Ya ce to jakina ya san hanya. Na koma gida na yi wata uku ina zaginsa, kai kuma kana ta shan fura.

Innarka ce ta ɗauke ka kuka tafi ba da sanina ba, ranar da na je gona. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce Dari ya kori kowa daga maƙera, ya ajiye maka naman akuya a akushi da wuƙarsa ta kullum, ya zauna yana kallon hannunka, ba fuskarka ba. Da ka gama wahala ya ce ku dawo bayan kasuwa biyu. Matarsa ta gaya wa innarka cewa duk kwanakin nan da igiya ya ɗaure hannunsa na dama a ƙugu idan zai ci abinci, har 'ya'yansa suka zaci ya taɓu. Wuƙa uku ya ƙera ya mayar wuta kafin ya sami wadda ya yarda da ita.

Ka san ta, amma bari in siffanta maka ita a rubuce, don idan wata rana ta ɓata ka san abin da za ka ce wa maƙeri. Bakinta a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata, kaifin yana ta waje. Ƙotar ba a gindi take ba, a bisa take, yadda za ka dafa da tafin hannu nauyin kafaɗarka ya sauka a kan naman. Ba a goga ta gaba da baya, girgiza ta ake dama da hagu, naman ba ya samun hanyar gudu. A ƙarshen bakin akwai haƙora biyu ƙanana da za ka soki yankan ka kai baki, yatsunka ba su taɓa abincin kowa ba. Ƙotar ta itacen kiriya ce, an nannaɗe ta da fata don kada maiƙo ya sa ta zame. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Kada ka yarda a yi maka doguwa, doguwa ta masu hannu biyu ce. Kuma ka ci a akushin itace mai faɗin gindi, kwanon ƙarfe yana zamewa, yana kuma kashe kaifi.

Abin da na koya a wurin Dari shi ne, wanda ya ce sai ya ga yadda kake fama kafin ya taimake ka ya fi wanda ya ce ya gane tun ba ka gama faɗa ba. Na zarge shi da maita, shi kuwa yana cin tuwo da hannu a ɗaure saboda ɗana. Har yau ban je na ba shi haƙuri ba. Zan je, Malam Isa ya rubuta, ya zama shaida a kaina.

Akwai kuma gardawan bariki, 'yan sandan kumandan. Idan gardi ya gan ta a jikinka zai ce makami ne ya karɓe, ba don doka ba, don ta yi masa kyau. Kada ka rataye ta a ɗamara. Ka sa ta cikin jaka tare da koshiya, duk wanda ya buɗe ya ga kayan ci ne. Ka nemi rana ka ci nama da ita a gaban babban akawun biro, ya gani da idonsa, don ranar da gardi ya kama ka a sami mai faɗa. Kada ka ara wa kowa, ko na yanka goro ne.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Na ce wa Malam Isa ya daina kallona ya dubi takardarsa.

Ka tuna layyar da ta biyo baya. Ka zauna cikin samari a ƙofar gida, aka ajiye maka cinya, ka ciro wuƙarka. Nomau ya miƙo hannu kamar yadda ya saba, ka ce, "Bar shi, Baffa, na gode." Ka yanka ka ci, ka yanka ka ci, har ka yanka wa na kusa da kai. Ina cikin zaure ina leƙe ta jikin asabari. Rabona da jin daɗi irin na ranar tun haihuwarka. Sai na ji ka yi dariya ka ce wa abokanka:

"Yanzu kam ko Dosso ni iya zama. Aikin da anka yi mani tayi, ina karɓa tai."

Nan take daɗin nan ya gushe, na saki asabarin.

Akwai abin da ba ka sani ba. Tun dawowarka, duk ranar da aka dafa nama a gidan nan, kana samun naka a yayyanke ƙanana cikin miya. Ka ɗauka innarka ce. Ba ita ba ce. Ni ne nake shiga bayan zana in karɓi akushinka in zauna in yanka, ina cire jijiya, ina ajiye maka mai taushi, in ce mata idan ta faɗa maka ban yafe ba. Ban taɓa ɗaukarka ba kana jariri, ban taɓa goya ka ba, ban taɓa dafa kanka ba. Wannan yankan naman shi kaɗai ne abin da na taɓa yi maka da hannuna, kuma ina jiran ranar nama kamar yadda yara ke jiran salla. Da wuƙar Dari ta shigo gida, innarka ta fara kai maka naka ɗungurungum. Na zauna bayan zana ba abin yi.

Kwana shida bayan layya, da rana tsaka, ka tafi masallaci ka bar ta ƙarƙashin tabarmarka. Na shiga na ɗauke ta. Na hau rumbu na tura ta cikin jinka, can inda hannu ba ya kai wa sai da tsani.

Na yi wa kaina ƙarya iri-iri. Na ce na sha ganinka kana wasa ta kana shiru, kar wata rana baƙin ciki ya sa ka yi wa kanka lahani. Na ce wata 'yar bori ta taɓa gaya mini ƙarfe ne ya ci hannunka, a raba ka da ƙarfe kar ya nemi saura. Duk ba su ba ne. Ban so ka tafi ba, kuma na so ka ci gaba da bukatata ko da ba ka san ni kake bukata ba.

Da ka dawo kana nema, har ka zazzage ɗakin, ni ne na ce, ina kallon wani wuri, "Wa ka shiga ɗakin nan in ba Nomau ba? Wa yuƙar nan ta hana ma cin hanta?" Kowa ya yarda, don Nomau ya riga ya ɓata sunansa da kwaɗayi. Ya rantse har da hawaye.

"Yaya, ni? Na ci naman yaro, ban musu ba. Amma ban ɗauki yuƙatai ba, Allah na gani."

Na ce ya fita mini daga gida. Ya kwashe iyalinsa ya koma Tibiri wurin surukansa, damina guda ke nan ba mu gaisa ba. Makwaɗaici ne, amma ba ɓarawo ba ne. Ɓarawon yana zaune a zaure yana jan tasbaha.

Ka ce za ka koma wurin Dari ya yi maka wata, na ce jakin ba shi da lafiya. Ka sake faɗa, na ce an ce Dari ya tafi cin rani. Shi ma ƙarya ce. Naman ya koma zuwa maka a yayyanke, ina bayan zana ina murna, kai kana ci kana sunkuyar da kai. Na ɗauka na yi nasara. Sai ga shi ka tafi duk da haka, ba wuƙa, ba mai yanka maka, ka je kana ɓuya bayan katangar mutane da ƙwaryar fura. Ban tsare ka a gida ba, yunwa kawai na haɗa ka da ita ka tafi.

Duk wasiƙar nan ina ce maka ka yi hattara da wane, ka yi hattara da wane. To ga ta ƙarshe, kuma ta fi sauran tsada. Ka yi hattara da mai sonka idan son nasa yana bukatar ka zauna a naƙashe. Kuku ya cuce ka da zakara ɗaya, Nomau da 'yar hanta. Ni na cuce ka da shekara guda ta rayuwarka, kuma ina sonka fiye da su duka. Idan wata rana ka yi aure ka ga matarka ko ɗanka suna hana ka yin abin da za ka iya wai don tausayi, ka tuna da ni, ka karɓi abinka cikin lalama.

Yanzu kwance ƙunshin. Na sauko da ita shekaranjiya. Ta ɗan yi tsatsa a gefe, na goge da toka da mai, na wasa ta da kaina, na sa baduku ya sake mata kube. Innarka ta gan ni ina saukowa daga tsani da ita a hannu. Ta tsaya tana kallona har na ji da ma zagina ta yi. Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanyar Tibiri in faɗi a gaban surukan Nomau abin da na faɗa maka, don a gaban mutane na ɓata shi.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ranar da takardar nan ta same ka, ka je gindin tsamiyar nan, ka zauna a tsakiyarsu, ba a gefe ba, ka ci har ka ƙoshi. Idan falken zai dawo ka ce masa ya gaya mini ya ga kana ci. Ba zan yarda da shi ba sai ya faɗi irin naman da yadda ka riƙe wuƙar, don haka ka bari ya gani da kyau.

Jiya innarka ta dafa akuya. Na tsinci kaina bayan zana da akushinka a gabana, na yayyanka ƙanana, na cire jijiya, sai da na gama na tuna ba ka nan. Ba wanda ya iya ci a cikinmu, maƙwabta aka kai wa.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka. Allah ya sa albarka a hannun da ya bar maka, ya ƙoshar da kai da shi, kada ya sa ka jira hannun kowa, har da nawa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Na ce wa Malam Isa ya rubuta sunanka na yanka a bayan takardar don kada ta ɓata. Ya ce in faɗa masa. Na faɗa, da bakina.

Wassalam. Mahaifinka, Arzika.